Shugabanci Karatu Ne: Nasiha ga Malamai da Attajiran Birnin Kudu da Gwaram

 

Wannan magana ce zuwa ga malamai masu tsangaya, da attajirai masu rumfa da sito, na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, da kuma duk wanda Allah ya ɗora wa jiɓintar aikin wani, ko da yaro ɗaya ne tak. Abin da ya jawo ta kuwa wata hasara ce da ke aukuwa cikin garuruwa shekara da shekaru, ba a buga mata gangami, ba a kuwa yi mata makoki. Attajiri ya shekara talatin yana tara jari, ya yi suna a kasuwar Sara da ta Babaldu, motoci na sauke masa riɗi da gyaɗa da dawa. Ran da ya kwanta dama, kafin a yi sadakar arba'in an garƙame sito, masu bin bashi sun taru a ƙofar gida, waɗanda ake bi kuwa sun yi ɓatan dabo, domin babu wanda ya san lissafin sai mamacin. Haka kuma malami ya raya tsangaya har almajiranta suka cika zaure suka tumbatsa waje. Ran da ya rasu, sai gardawa su naɗe buzayensu kowa ya kama gabansa, ƙananan yara su watse, wurin da ake hura wutar karatun dare ya koma makwancin awaki. Dukiya ba ta ƙare ba, ilmi ma bai ƙare ba. Abin da ya ƙare shi ne mai riƙo, domin mai gidan bai koya wa kowa riƙo ba.

Ba a ce ƙasar nan ta rasa mutane ba. Tun da aka cire Jihar Jigawa daga cikin Kano a 1991, ƙaramar hukumar Birnin Kudu kaɗai ta fid da gwamnoni biyu: Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya riƙe jihar daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido na Bamaina, wanda ya riƙe ta daga 2007 zuwa 2015. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu kuma ta yaye manyan ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawa. Amma gwamna ɗaya ne a jiha, masu rumfa da masu tsangaya kuwa dubbai ne, kuma a hannunsu abincin talakawa da tarbiyyar 'ya'yansu suke. In riƙon waɗannan ya gyaru, gari ya gyaru.

Mutane da yawa sun ɗauka shugabanci baiwa ce kurum, wanda aka haifa da ita shi ke nan, wanda ba a haifa da ita ba ya haƙura. Lalle akwai baiwa, amma baiwar da ba a hore ta ba kamar ingarman da ba a sa wa linzami ba ne. Shugabanci karatu ne, yana da babbaƙu da farfaru, yana da tilawa, yana da sauka. Malamai sun fi kowa sanin wannan, domin tsarin tsangaya kansa makarantar shugabanci ce. Yaro yana shigowa ƙolo, a rubuta masa allo, a biya masa. Ya zama titibiri, ya fara rubuta wa kansa, a ɗora masa kula da ƙananan da ke bayansa wajen itace da shara da wanke allo. Ya zama gardi, ya riƙa biya wa yara, ya tsare makaranta in malam ya yi tafiya. Sai bayan shekaru a kira shi alaramma, in Allah ya nufa har ya kai gwani. A kowane mataki ana ƙara masa karatu, ana kuwa ƙara masa mutane. Wanda ya tsara wannan ya san cewa riƙon mutum goma ba ya yiwuwa ga wanda bai taɓa riƙon mutum biyu ba.

Fatake ma haka suka gada. A zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni ta cikin ƙasashen sarakuna daban-daban, madugu ba shi kaɗai yake ɗauke da nauyin ayari ba. Akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki. Akwai uban dawaki mai tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan hanya. Akwai malamin ayari mai riƙe rubutu da limanci. Kowa ya san aikinsa, kowa ya san inda ikonsa ya tsaya. Babu kuwa wanda ya zama madugu sai ya yi shekaru yana kora jakin wani.

Gidan Alhaji Alhassan Dantata shaida ne a kan wannan. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi karatun allo, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gana ta yau. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya wajen gyaɗa, a 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na Kamfanin Neja. Ƙarfinsa kuwa yaransa ne, waɗanda yake ba jari su bazu cikin ƙauyuka su sayo, su komo su yi lissafi. Da ya rasu a 1955 gidan bai rushe ba, domin ya riga ya sa 'ya'yansa cikin aikin tun yana raye, ya kuma bar musu kamfani mai suna da littattafai. Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu suka ci gaba, har Alhaji Aminu ya rasu a 2025, shekara saba'in bayan mahaifinsa, gidan na tsaye. Jikan Alhaji Sanusi ta wajen uwa, Aliko Dangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Birnin Kudu, da rancen jari daga dangin mahaifiyarsa ya fara, shi ne kuwa ya buɗe babbar matatar mai a Legas a 2023. Attajiran zamanin Dantata suna da yawa, amma waɗanda ake jin sunan gidajensu yau ƙalilan ne. Arziki na Allah ne, sai dai Allah ya sanya wa kowane abu sababi.

To, in shugabanci karatu ne, ga darussansa yadda mai rumfa da mai tsangaya za su iya ɗauka tun yau.

Na farko, zaɓen wanda za a ba aiki. Alƙur'ani mai girma, cikin ƙissar Annabi Musa a Suratul Ƙasasi, ya nuna siffofi biyu da ake nema ga ma'aikaci, watau iyawa da amana. Ɗaya ba ta wadatar ba tare da ɗayar ba. Amintaccen da bai iya awo ba zai karya mai gida da kyakkyawar niyya, gwanin da ba shi da amana kuwa zai karya shi da gangan. Ba a gane su da kallon fuska ko da dangantaka. Da jarrabawa ake ganewa. A aiki yaro da abu kaɗan, a ga yadda zai komo da canji. A bar masa rumfa wuni ɗaya, sa'an nan mako ɗaya. A ba gardi yara biyar ya kai su izu guda, a saurari karatunsu. Wanda ya cika a ƙarami a ƙara masa, wanda ya gaza a gyara masa a sake gwada shi. Ɗan cikin mutum ma ta wannan ƙofa ya kamata ya shigo, domin makullin da aka miƙa wa ɗa saboda haihuwa kawai, sau da yawa shi ne makullin da ke rufe gidan.

Na biyu, bayyana aiki da iyakarsa. Yawancin rigimar mai gida da yaronsa daga duhun umarni take tasowa. A ce wa yaro ya tafi Sara ya sayo riɗi, ba a gaya masa buhu nawa ba, ba a gaya masa farashin da zai tsaya a kai ba, ba a gaya masa ko yana da izinin ba da bashi ba. In ya komo sai faɗa. Mai gida nagari yakan faɗi abu huɗu kafin yaro ya tashi: abin da ake so, iyakar kuɗin da zai kashe, ranar da zai komo, da abin da ba zai yanke ba sai ya bugo waya. Bayan wannan kuwa sai a sakar masa mara. Wanda ya ba da aiki sa'an nan ya bi yaro yana karɓe kowane ciniki daga bakinsa, bai ba da aiki ba, ya dai ƙara wa kansa gajiya, ya kuma hana yaron girma.

Na uku, rubutu. Malamai sun sani ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne a ga mutumin da ya haddace ta yana ba da kayan miliyoyi da baki. Ba sai an yi boko ake riƙe littafi ba. Ajami ya isa, da shi kakanni suka yi wasiƙun fatauci. Littafi uku suka wajaba ga mai rumfa: na kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, na bashi da sunan mai shi da ranar biya, da na kuɗin da aka ɗiba don cefanen gida. Wannan na ukun shi ne wanda aka fi ƙi, shi ne kuwa ya fi amfani, domin aljihu ɗaya ga kasuwa da gida rami ne da ba a ganin ƙasansa. Yanzu da kuɗi ke shiga ta waya, tun ba bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, wajibi ne asusun ciniki ya zama daban, kada kuɗin kaya su riƙa faɗawa asusun yaro. Mai tsangaya shi ma yana bukatar littafi: sunan kowane almajiri, garinsu, sunan waliyyinsa da lambar wayarsa, ranar da aka kawo shi, da inda karatunsa ya kai. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai a 2023, malamin da ke da rubutaccen lissafin yaransa shi ne zai iya magana da hukuma da ƙarfin hujja, shi ne kuma zai iya amsa wa uban da ya zo neman ɗansa.

A nan akwai wata dabara da ta kamaci zamanin tsada. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, a irin wannan hali kuwa naira takan ruɗi mai lissafi. Ga misali: a ce mutum ya sayi buhu 100 a kan naira 40,000 kowane, watau naira 4,000,000. Ya sayar a kan 50,000, ya karɓi 5,000,000, ya yi murna ya ci ribar miliyan guda. Da kaka ta zagayo sai ya tarar buhu ya kai 55,000, kuɗin nasa duka buhu 90 za su saya. Ashe buhu goma ya rasa, ko da bai taɓa ko kwabo ba. In kuwa ya riga ya ci miliyan ɗin da sunan riba, to, jarinsa ya ci. Saboda haka shugaban ciniki ya auna jarinsa da buhu, ya koya wa yaransa su auna haka. Wannan lissafi kuma shi ne zai sauƙaƙa masa zakka, domin a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yana ƙiyasta darajar kayansa sau ɗaya a shekara, ya fitar da ɗaya cikin arba'in in sun kai nisabi. Wanda ba shi da littafi, da me zai ƙiyasta?

Na huɗu, bincike. Waɗansu suna jin kunyar duba lissafin yaronsu, wai kada ya ce ba a yarda da shi ba. Wannan kunya ce mai cutarwa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa ma'aikacin da ya aika karɓar zakka lissafi da ya komo, ya kuma hana ma'aikata riƙe kyautar da aka ba su saboda aikinsu. Sayyidina Umar ya kasance yana bin diddigin dukiyar gwamnoninsa. A ƙasar Kano ma, littafin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙarfafa naɗa ma'aji da marubuta da masu lissafi, da bincikar ma'aikata, ya kuma yi ta nanata gargaɗi ga shugaba kada ya ɓuya wa jama'arsa. Sirrin bincike shi ne a sa masa rana sananniya, ya hau kan kowa, ɗa da bare. In kowa ya san daren kasuwa ake zama a ƙirga kaya a gwada da littafi, babu wanda zai ji an zarge shi. Binciken da ake yi sai ran da aka yi fushi, shi ne ke ɓata zumunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaro amintacce ya fi kowa son a duba, domin duban ne ke wanke shi.

Na biyar, haƙƙin ma'aikaci. Yaron da ya shekara bakwai a rumfa bai san ladansa ba, bai san ranar sallamarsa ba, an sa shi cikin jarrabawar da ba kowa ke ci ba. Fiƙihu bai bar wannan a duhu ba. In ijara ce, a faɗi lada da lokaci tun farko. In ƙirali ne, watau ba da jari a raba riba, Risala da Muhtasar sun bayyana sharuɗɗansa: jari sananne, rabon riba sananne kamar rabi ko sulusi, ba a yanke wa mai jari wani adadin kuɗi tabbatacce, hasara kuwa a kan jari take sai in mai juyawar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Attajiri ya zauna da malami a rubuta wannan gaban shaidu biyu. Malami kuma ya dubi gardawansa da ke biya wa yara dare da rana, ya ware musu rabo sananne cikin kuɗin laraba da sadakar sauka da amfanin gona. Wanda ya san rabonsa yakan tsare na mai gida.

Na shida, shawara da gyara. Yaron da ke zaune a rumfa ya fi mai gida sanin abin da masu saye ke tambaya, direba ya fi shi sanin hanya, gardi ya fi malam sanin yaron da ke kuka da dare. Shugaban da ba a iya gaya masa labari mara daɗi, shi ne na ƙarshen jin gobarar gidansa. Sai ya tambaya, ya yi shiru ya saurara, kada ya hukunta wanda ya kawo masa gaskiya. In kuwa gyara ya kama, a yabi mutum cikin jama'a, a gyara masa a keɓe, a faɗi laifin aikin ba tare da an zagi asalinsa ba. Tsawa a tsakiyar kasuwa takan koya wa yaro ɓoye kuskure, kuskuren da aka ɓoye kuwa shi ne ke girma.

Yaran gida da gardawa su ma akwai nasu. Mai son a ba shi riƙo gobe ya fara riƙon kansa yau: ya zo kan lokaci, ya kawo lissafi tun ba a tambaye shi ba, in ya yi ɓarna ya faɗa da bakinsa kafin a gano. Ya riƙa lura da dalilin da ya sa mai gida ya saya yau ya ƙi saye jiya, in bai gane ba ya tambaya cikin ladabi. Ya koyi abin da mai gidan bai iya ba, kamar lissafin boko da aikin waya da cika takardun banki, ya kawo shi a matsayin taimako ba tare da raini ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai masu cewa, in aka koya wa yaro sirrin ciniki gobe zai buɗe tasa rumfar a gefe, ya janye masu saye. In aka ɗaukaka gardi zai ɗebi almajirai ya tafi. Wannan tsoro yana da tushe, domin an ga hakan. Amma a duba da kyau. Yaro mai ƙwazo zai tafi ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Abin da ke hannun mai gida shi ne yadda zai tafi: ko ya fita da sallama da jari da albarka, ya zama reshe mai sayen kaya a wurin ubangidansa yana kawo masa labarin wata kasuwa, ko kuwa ya fita da ƙullaci ya zama abokin gaba. Malamin da almajiransa suka kafa makarantu goma a garuruwa goma bai ragu ba, sunansa ne ya yaɗu, ladansa kuma yana gudana bayan ransa. Da haka ilmi ya iso ƙasar Hausa tun farko, daga hannu zuwa hannu.

Daga ƙarshe sai maganar da ba a son yi, ita ce kuwa uwar sauran. Rabon gado hukuncin Allah ne, babu mai taɓa shi. Amma shari'a ba ta hana magada su san rabonsu a rubuce sa'an nan su bar shi cikin tarayya da yardarsu, ɗaya daga cikinsu ko wani amintacce yana juyawa ana raba riba ba. Wannan ba ya yiwuwa sai in mai gida ya bar littafi bayyananne da mutum horarre. Jarin da ya isa cika mota, in aka yanka shi gida goma sha biyu, kowane yanki ba ya cika amalanke.

Saboda haka, kafin kakar bana ta shigo, ya kamata kowane mai rumfa da kowane mai tsangaya a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya sayi littafi ya fara rubutu, ya sa ranar lissafi ya sanar da yaransa, ya kuma zaɓi mutum ɗaya ya bar masa riƙo na mako guda alhali yana gari, yana gani, yana iya gyarawa. Limamai su ja hankalin jama'a a kan wannan, sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin alarammomi su sa shi cikin zamansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, magaji kuma tun mai gida na da lafiya ake horar da shi.

Allah ya ba shugabanni adalci, ya ba mabiya amana, ya sa albarka cikin kasuwanni da makarantu, ya raya gidajen Musulmi bayan masu su. Amin. Haza wasalam.